Iyo Daban, Wanka Daban

A gabashin Turkiyya, ba nisa da iyakar Iran, akwai wani tafki da ake kira Van. Yana bisa tudu mai tsayin mita 1,640 daga saman teku, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 3,700, kuma duk faɗin ƙasar babu tafkin da ya kai shi. Ƙoramu suna zuba a cikinsa amma babu kogin da ke fita, don haka shekara da shekaru ruwan yana tara gishiri da irin sinadarin da ke cikin kanwa, har ya zama mai santsi a hannu. Mutanen bakin tafkin sun daɗe da sanin yana fitar da dauɗar tufafi ko ba a sa sabulu ba. Kifin da masunta ke kamawa a ciki iri ɗaya ne, shi ma in lokacin ƙwai ya yi, tsakanin Afrilu da Yuli, sai ya bar tafkin ya haura ƙoramu masu ruwan daɗi.

Da sunan wannan tafki ake kiran kyanwar da duniya ta yi wa laƙabi da mai iyo.

A shekarar 1955 wasu mata biyu 'yan Ingila, Laura Lushington da Sonia Halliday, suna zagaya Turkiyya a mota suna ɗaukar hotuna, aka ba su kyautar 'yan kyanwa biyu, mace da namiji, farare masu jan gashi a ka da wutsiya. Ana zafi, tafiya ta yi nisa, suka tsaya a bakin ruwa don su huta. Sai suka ga 'yan kyanwar sun sauka da ƙafafunsu sun shiga ruwan, suna facal-facal, ba wanda ya kira su ba wanda ya tura su. Matan suka koma da su Ingila, suka fara kiwo, suka sake komawa Turkiyya suka ƙaro wasu. A 1969 hukumar rajistar kyanwowi ta Birtaniya ta karɓi irin a matsayin nau'i mai zaman kansa, daga baya aka liƙa masa sunan Van. Abin dariyar shi ne, bayanan asalin waɗancan biyun na farko sun nuna macen daga Iskenderun take, namijin kuma daga Istanbul, garuruwan da ke da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga tafkin. Su kuwa mutanen birnin Van, kyanwar da suke alfahari da ita, wadda suka gina wa mutum-mutumi kuma jami'ar garin ta buɗe wa cibiyar bincike, fara ce fat ba ɗigon ja a jikinta, sau da yawa ido ɗaya shuɗi ɗaya ruwan zuma. Suna ɗaya, kyanwa biyu.

Labarin iyon dai ya bi duniya, kuma bai tsaya kan kyanwar Van ba. Yau duk wanda ya buɗe littafin masu kiwo zai tarar da jerin nau'o'in da ake cewa suna son ruwa: Maine Coon, ƙatuwar kyanwar da jihar Maine ta Amurka ta ayyana a matsayin kyanwarta a 1985, Bengal mai ɗigo-ɗigo kamar damisa, kyanwar dajin Norway, kyanwar Angora. Daga nan tambaya ke tasowa a zuciyar wanda ya saya ko yake shirin saye: tunda tana son ruwa, ai za ta yarda a yi mata wanka ke nan?

A ganina tambayar ta ɗauki kaya uku ta ɗaure da igiya ɗaya. Akwai so, akwai wanka, akwai kuma yarda ko jurewa, kuma kowanne in an kwance shi ba abin da ake zato ne a ciki ba.

In aka ce wa mai irin wannan kyanwa ya bayyana son ruwan da yake magana, yawanci abin da zai faɗa bai wuce wannan ba: in an buɗe famfo tana zuwa a guje, tana kai wa ruwan mari da hannu, tana tsoma hannu a kwanon shanta ta lashe, tana jefa abin wasanta cikin bokiti ta tsaya tana kallo, wani lokaci ta bi mutum banɗaki ta zauna a gefe. Duk wannan gaskiya ne, amma mafi yawansa farauta ce. Idon kyanwa an yi shi ne don abin da ke motsi, ruwa mai zuba kuwa yana motsi, yana walƙiya, yana ƙara, kuma ba ya ramawa. Wasu kaɗan suna takawa cikin ruwa marar zurfi. Waɗanda ke sakin ƙasa su yi iyo da gangan sun fi ƙaranci, ko a cikin 'yan Van ɗin, kuma da yawa daga masu riƙe da su ba su taɓa ganin tasu ta yi ba. Mu ne muka tattara mai marin famfo da mai tsoma ƙafa da mai ninƙaya muka ba su suna guda.

Ba wai iyo baƙon abu ne a dangin kyanwa ba. Damisar Asiya mai ratsi-ratsi tana ƙetare koguna a dazukan Sundarbans da ke tsakanin Indiya da Bangaladesh. Jaguwa, wata irin damisa a fadamun Pantanal na Barazil, tana faɗawa ruwa ta kamo ƙaramin kada. Akwai ma wata kyanwar daji a kudancin Asiya da ake kira masunciya, wadda ke da 'yar fata tsakanin yatsunta kuma kifi ne cimarta. Amma ta gida ba daga cikinsu ta fito ba. Binciken ƙwayoyin halitta da Carlos Driscoll da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya nuna kakarta ita ce kyanwar daji ta busassun ƙasashen Gabas ta Tsakiya da Afirka, wadda ta matso kusa da mutane lokacin da suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye kuma suka biyo hatsin. A tsibirin Cyprus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, mutum da kyanwa kwance kusa da juna. Dabbar da ta fito daga irin wannan ƙasa, mafi yawan ruwan da jikinta ke buƙata daga naman abin da ta kama take samu. Ko shan da take yi, da taka-tsantsan ne: Pedro Reis da Roman Stocker da wasu masana sun nuna a 2010 cewa ƙarshen harshenta kawai ke taɓa saman ruwan, ta ja shi sama da sauri wajen sau huɗu a daƙiƙa, ta rufe baki kan ɗan ruwan da ya biyo harshen kafin ya koma. Ko haɓarta ba ta jiƙewa.

Sannan akwai abin da masu jerin sunayen nan ba su cika faɗa ba. An yi kiwon karnuka don aiki: wani don gadi, wani don kora garke, wani kuma, kamar Labrador, don ya faɗa ruwa ya ɗauko agwagwar da maharbi ya harbo. Ƙarni bayan ƙarni ana zaɓen wanda ya fi iya aikin a bar shi ya haihu. Kyanwa ba a yi mata haka ba. Rarraba ta nau'i-nau'i sabon abu ne, ana danganta farkonsa da bikin nunin kyanwowi da Harrison Weir ya shirya a Crystal Palace a Landan a 1871, kuma tun daga ranar abin da alƙalan gasa ke dubawa shi ne launi da tsawon gashi da siffar kai da kunne. Ba a taɓa ba wata kyanwa lambar yabo don ta iya iyo ba. Saboda haka sunan iri yana iya gaya maka kamanninta tun kafin a haife ta, amma game da abin da za ta yi in ta ga baho, hasashe ne kawai. 'Yan ciki ɗaya ma sukan bambanta.

Wanka kuwa, Hausa ta riga ta raba mana gardama da wata 'yar ƙaramar kalma. Muna cewa “ta yi wanka”, muna kuma cewa “an yi mata wanka”. Ruwan ɗaya ne, sabulun ɗaya ne, amma a magana ta farko ita ce mai aikin, a ta biyu kuwa ita ce wurin da aikin ya sauka. In muka duba waɗanda ake yi wa wanka a rayuwarmu, ba su da yawa: jariri, da mai jego a kwanakinta na farko, da amarya, da majinyacin da ƙarfinsa ya ƙare, da mamaci. Kowannensu ko dai ba shi da ikon yi da kansa, ko kuwa ya miƙa wuya ga al'ada na ɗan lokaci, ya san dalili, ya san ranar gamawa. Baligi mai lafiya ba a kama shi a cuɗa. Kyanwar da ake shirin tsomawa a baho baliga ce mai lafiya, ba ta san dalili ba, ba wanda ya yi mata alkawarin za a gama, ga shi kuma tana ɗauke da farata goma sha takwas.

'Yan kyanwar Lushington sun zaɓi wurin shiga, sun zaɓi zurfin da za su tsaya, ƙafarsu tana kan tsakuwa ko yashi, hanyar fita tana bayansu a buɗe, kuma da suka ji ya ishe su suka fito. A banɗaki babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. An rufe ƙofa. An ɗaga ta daga ƙasa. An ajiye ta kan roba ko tangaran mai santsi inda farce ba ya kamawa, kuma ga dabbar da duk tsaronta ya dogara kan iya zabura, rasa wurin taka ƙafa babban tashin hankali ne. Ruwa yana zuwa daga sama, ta inda ba ta gani. Ƙarar famfo da ta na'urar busar da gashi suna cika mata kunne, kunnen da ke jin sauti har wajen zagaye 64,000 a daƙiƙa alhali namu yana tsayawa a wajen 20,000. Ga hannu a ƙeya. Abin da ya haɗa wannan da abin da ya faru a bakin hanya a 1955 shi ne jiƙewa kaɗai.

Akwai kuma wani abu da ya fi ba ni sha'awa. A 2021 masana a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland suka wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa masu kyanwowi sama da 4,000 game da halayen dabbobinsu, suka kwatanta nau'o'i. Wadda ta zo kan gaba wajen kai wa mutum cizo da yakushi ita ce kyanwar Van. Amsoshin masu gida ne, ba awon ɗakin gwaji ba, kuma ba hukunci ne kan kowace ɗaya ba. Duk da haka ya yi daidai da abin da masu kiwonta ke faɗa, cewa mai kuzari ce, mai hawa sama, ba ta son a ɗauke ta a rungume. Ƙarfin halin da ke sa ta doshi ruwa ba tsoro, ina ganin shi ne dai ke sa ta ƙi a riƙe ta. Wanda ya saye ta don ya huta da kokawar wanka, wataƙila ya zaɓo wadda ta fi kowa iya kokawar.

Gashin ma yana da nasa bayanin. Na kyanwar Van ba shi da tattausan gashin nan na ƙasa-ƙasa mai shan ruwa, don haka ruwa yana gangarewa kuma tana bushewa da wuri. Shi ya sa jiƙewa ba ta yi mata tsada kamar yadda take yi wa wasu. Maine Coon da ta dajin Norway kuwa suna da gashin sama mai maiƙo da ke tunkuɗe ruwan sama da ƙanƙara, a ƙarƙashinsa ga wani mai kauri don ɗumi. In ta taka ruwa ko yayyafi ya same ta, na saman ne ya jiƙe, fatar tana nan a bushe. Wanka kuwa manufarsa ke nan ya kai ga fata. Sai an yi ta zuba ruwa kafin ya ratsa, sabulu ya cire maiƙon da ke kare ta, na ƙasan ya sha ruwa ya yi nauyi, ɗaurayewa ta ɗauki lokaci, bushewa ta ɗauki fiye da haka. Zafin jikin kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39, ya ɗan ɗara namu, kuma jiƙaƙƙen gashi yana zuƙe shi da sauri, musamman ga ƙarama ko tsohuwa. Wato rigar da ta sa ba ta tsoron ruwa ita ce wanka ke fara tuɓe mata.

Saura yarda. Mutane sukan ce, “Tawa ba ta da matsala, shiru take yi har a gama.” Muna ganin girman haƙuri, muna yabon mai shi, to amma haƙuri na mai zaɓi ne, wanda zai iya tashi ya tafi ya zauna. Dabbar da ta tsorata tana da hanya uku: ta gudu, ta yi faɗa, ko ta daskare. Ta ukun ce ke ruɗar mu, don daga nesa tana kama da natsuwa. Sai an duba da kyau a ga kunnuwa sun kwanta baya, baƙin ido ya buɗe ya cinye sauran, wutsiya ta shige ƙarƙashin ciki, jiki ya sandare, numfashi yana fita da sauri. Har ƙugin nan da take yi a maƙogwaro, wanda muka sani da alamar jin daɗi, tana yin sa cikin ciwo da tsoro. In kuwa ta buɗe baki tana haki, a dakata nan take, don kyanwa ba kare ba ce, hakinta alamar wahala ce mai tsanani. Wanda ya ga wannan shirun ya ce ya samu kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, kallon kitse ya yi wa rogo.

Riƙon ƙeya ma haka. Uwa tana ɗaukar 'ya'yanta ta fatar wuya, su kuma su saki jiki su naɗe ƙafa, don haka aka ɗauka riƙon yana kwantar wa kowace kyanwa da hankali. Babba ba jaririya ba ce. A rayuwarta ba a kama ta a nan sai wajen barbara ko faɗa ko a bakin abin da zai cinye ta. Ƙungiyar International Cat Care ta Birtaniya ta daɗe tana kira ga likitocin dabbobi da masu gida su daina wannan riƙo. Tana tsayawa cik, gaskiya ne. Amma ranar da aka sake ɗauko bahon, za a neme ta a ƙarƙashin gado.

Ba na musun cewa akwai masu yarda da gaske. Kyanwowin da ake kai wa gasa akan yi musu wanka kafin biki, kuma da yawa suna tsayawa jiki a sake. Sirrin ba a sunan irin yake ba, a reno yake. Binciken Eileen Karsh ya nuna cewa tsakanin mako 2 da mako 7 da haihuwa ne 'yar kyanwa ta fi karɓar hannun mutum, kuma abin da ta saba da shi tana ƙarama ba ya zame mata dodo. Masu kiwon da suka san aikinsu suna farawa da tsumma mai ɗumi, sai ɗan ruwa iya tafin ƙafa, da ɗan abin daɗi a baki, a hankali a hankali. A nan kam mai son ruwa tana da 'yar riba, tunda tsoro ɗaya ya ragu cikin jerin. Sauran, wato santsi da ƙara da riƙo da rufaffiyar ƙofa, sai an koya mata su kamar kowa.

Tambayar da aka tsallake tun farko ita ce ko tana buƙatar wankan. A 2018 Alexis Noel da David Hu na Cibiyar Fasaha ta Georgia a Amurka suka duba harshen kyanwa da na manyan danginta har da zaki. Ƙayoyin nan da ke sa harshenta kaushi, wajen 290 a na gida, daga sinadarin da ke yin farce aka yi su, kuma ƙarshen kowanne yana da ɗan kwarmi da ke ɗibar miyau ya kai shi cikin gashi har fata. Mataji ne mai ɗauke da ruwansa. Da shi take cire ƙura da mataccen gashi da ƙuma, take baza maiƙon jikinta, kuma in miyan ya bushe ya sanyaya ta a lokacin zafi. Tana iya ba wannan aiki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin da take a farke. Mu da ke wanka sau biyu a yini muna taƙama, ba mu kama ƙafarta ba.

Malamanmu ma ba su ɗauke ta ƙazama ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, matar ɗansa tana kallo da mamaki, ya sanar da ita cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ɗauki kyanwa najasa ba, don tana cikin masu kai-kawo a gida. Wannan maganar tsarki ce, tsabta kuma wata aba ce daban, amma a kan kyanwa su biyun ba su yi nisa da juna ba.

Abin da mu ke kira dauɗa ma, wani ɓangarensa suna ne a wurinta. Tana da wuraren fitar da ƙamshi a kumatu da haɓa da goshi da gindin wutsiya. In ta goga kai a ƙafarka ko a bakin ƙofa, sa hannu take yi. Kyanwowin da ke zaune gida ɗaya suna gogar juna suna lasar juna har su haɗa wari guda, da shi suke gane ɗan gida da baƙo. Likitocin dabbobi sun san abin da kan biyo bayan wanka ko kwana a asibiti: a dawo da kyanwa gida, 'yar'uwarta da suka tashi tare ta tare ta da huci da yakushi kamar ba ta taɓa ganinta ba. Idonta ya gane ta, hancinta ya ƙaryata, kuma hancin ta fi gaskatawa. Shi ya sa wadda aka yi wa wanka, da zarar an sake ta, take samun lungu ta zauna ta yi ta lasa na tsawon lokaci. Mu mun ga mun gama aiki, ita kuwa yanzu ta fara wanke wankan. Sabulu mai ƙamshin fure da ke faranta mana rai shi ne ya fi ba ta aiki. Ga lafiyayyar kyanwa mai gajeren gashi, shawarar da ta fi ita ce wadda Bahaushe ya bayar game da kaza: a bar ta cikin gashinta.

Amma akwai ranar da ba makawa. In ta shiga ƙarƙashin mota ta kwaso baƙin mai, ko fenti, ko kananzir, ko maganin ƙwari, harshen nan da muka yaba shi ne zai kai gubar cikinta, don haka dole a riga shi. In makero ya kama ta, wanda kan tsallaka zuwa yaran gida, likita yakan rubuta ruwan magani da za a riƙa jiƙa ta da shi. Tsohuwar da ciwon gaɓoɓi ya hana lanƙwasa, da wadda ƙiba ta hana kai baki bayanta, da mai gudawa, duk suna buƙatar hannu. Sai kuma nau'o'in da mu muka ƙera. Binciken Noel da Hu ya nuna gashin kyanwar Farisa ya yi wa ƙayoyin harshenta tsawo da yawa, ba sa kai wa fata, shi ya sa yake cukurkuɗewa in ba a taje shi kullum ba. Sphynx kuwa, wadda asalinta 'yar kyanwa ce da aka haifa ba gashi a Toronto a 1966, maiƙo yana taruwa mata a fata don babu gashin da zai shanye shi, sai an riƙa wanke ta a kai a kai. Waɗanda suka fi buƙatar baho ba sa cikin jerin masu son ruwa. Suna cikin jerin waɗanda sha'awar mutum ta raba da kayan aikinsu.

In ranar ta zo, abin da ake iya yi shi ne a mayar mata da abin da zai yiwu daga cikin abin da take da shi a bakin rafi. A tara ruwan tun kafin a shigo da ita, don kada ƙarar famfo ta tarbe ta. Ya zama mai ɗumi daidai jiki, marar zurfi, kada ya kai ciki. A shimfiɗa tawul a ƙasan bahon ta samu wurin kafa farce. A zuba da moɗa a hankali daga kafaɗa zuwa baya, a bar kai da kunne da ido, fuska tsumma ya ishe ta. In ƙafa ɗaya ce ta ɓaci, ƙafar kaɗai za a wanke. A ɗauraye sosai, don duk kumfar da ta rage ciki za ta tafi. A naɗe ta a busasshen tawul a ɗaki mai ɗumi, kuma da hunturu a jira rana ta ɗaga.

Abin da ake zubawa a ruwan ya fi ruwan haɗari. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wasu sinadarai da tamu da ta kare ke sarrafawa. Maganin kaska da ƙuma na karnuka mai ɗauke da sinadarin fametirin yana sa ta karkarwa da farfaɗiya har ya kashe ta, ko da a jikin karen gida ta goga. Ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokitin wanka, irin mai mayar da ruwa fari kamar madara, shi ma guba ne a gare ta, haka man itatuwa masu ƙamshi da ake sayarwa a ƙananan kwalabe. Ba a cire fenti da fetur ko kananzir. Gara a aske gashin wurin ko a kai ta wurin likitan dabbobi. In kuma akwai wata kyanwar a gidan, a raba su ɗaki har wadda aka wanke ta bushe ta lashe kanta, sannan a goge ta da tsumman da su biyun ke kwanciya a kai kafin a buɗe ƙofa.